Tsinken Tsintsiya a Littafin Malam Nasiru

Duk wanda ya zauna Kebbe a 'yan shekarun nan ya san Malam Nasiru malamin gona, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tsohon babur da koriyar jaka a rataye, wanda ke zagaya ƙauyuka yana duba tsutsa a masara, yana faɗa wa manoma abin da rabinsu sun riga shi sani. Haifaffen Tambuwal ne, aiki ya kawo shi Kebbe, a nan kuma ya auri Safara'u, 'yar wajen Fakku. Cikakken sunansa Nasiruddeen, amma ba mai kiransa haka sai mahaifiyarsa, ita ma sai ranta ya ɓaci.

Mutum ne mai kirki, wannan ba a ja. Aibinsa ɗaya, zargi. Malam Nasiru zai kulle babur ya shiga masallaci, ya kai sahu, ya dawo ya sake taɓa makullin. In ka gaishe shi sau biyu a wuni ɗaya, zai kwana yana lissafin abin da kake nema a wurinsa. Kuma mai irin wannan hali Allah Ya jarabce shi da son wani wasa da ba ya yiwuwa sai da ɓoye-ɓoye.

A kwalejin aikin gona ya koyo shi, wurin wani abokin ɗakinsa. Wasan labari suke ce masa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labarin, shi ya san gari da daji da duk abin da ke ɓoye a cikinsu. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wannan maharbi, wancan maƙeri, wancan bafatake. Mai labari ya faɗi halin da ake ciki, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin mai haɗari ne, sai a jefa ƙwayar lido, ita za ta nuna ko an dace ko an faɗa rami. Ba a sa ko sisi, ba kuma wanda ke cinye wani.

To amma je ka yi wa mutanen unguwa wannan bayani. Da ya dawo Tambuwal ya fara tara abokai a zauren gidansu, ba a yi wata ba wani maƙwabci ya leƙo ya ga ƙwayar lido, ya je ya gaya wa mahaifinsa cewa an buɗe gidan caca. Wata tsohuwa kuma ta ga zane-zane a takarda da tsakuwoyi a jere, ta ce yaron nan duba ya fara. Mahaifinsa bai doke shi ba, amma ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa, abin da ya fi duka ciwo. Tun daga ranar Nasiru ya ɗaura wa kansa doka: wasan nan ba zai ƙara yin bayaninsa ga kowa ba. Wanda ya sani ya sani.

Da wannan doka ya zo Kebbe. Ya samu mutum uku. Akwai Mansur, malamin lissafi a sakandare, abokinsa tun firamare a Tambuwal, shi ma aiki ya jefo shi nan. Akwai Mu'awiya na asibiti, da Almu tela, wanda a bayan shagonsa ake zama duk Asabar bayan la'asar, a tura ƙofa, a yi ƙasa da murya.

Kayan aikin Malam Nasiru ba su da yawa, amma ya fi kula da su a kan takardun ofis. Taswira a bayan tsohuwar kalanda yake zana ta. Marafan kwalbar lemo su ne jaruman, kowanne da alamar mai shi. Abokan gaba kuwa wake ne, in manya ne gyaɗa, don haka wani lokaci Almu kan cinye sarkin mahara kafin a iso kansa. Sai kwalin taliya da ya yanke ya kafa a gabansa kamar shinge, don kada a ga abin da ke hannunsa. A bayan kwalin nan littafin yake, littafin makaranta mai shuɗin bango, kuma shi ne ran wasan.

Yadda yake shirya zama ma abin kallo ne. Ba ya rubuta labari daga farko zuwa ƙarshe, don ya gane tun da wuri cewa in ka shimfiɗa wa mutane hanya ɗaya, ta cikin ƙaya za su bi. Wurare yake shiryawa da mutane. Kowane mutum a labarin ya ba shi abu ɗaya da yake so da kuma yadda yake magana, wannan mai in'ina, wancan ba ya gama zance sai ya rantse. Yana ajiye jerin sunaye ashirin a shafin ƙarshe, saboda Mu'awiya na da halin tsayar da kowane mai tallan goro a labari ya tambaye shi sunansa da na ubansa. Ranar Laraba yake rubuta abin da abokan gaba za su yi, a gajarce, layi uku ko huɗu, yadda ido zai ɗauka da kallo ɗaya. Kuma yana tsayar da wasa daidai inda rai ya fi so, ana kiran magariba ya rufe littafi, ko da takobi na sama bai sauko ba.

Doka biyu suka yi tun zaman farko: ba bindiga a labarin, ba babur. Zamanin da ne, na kibiya da ganuwa. Amma labarin kansa na tsaron gari ne daga mahara, kuma ba sai an faɗa maka dalili ba. Mutanen da suka saba jin an tare hanya kaza, an kwashe shanu a ruga kaza, suna son wuri ɗaya da za su tsaya su kori masu zuwa. Mu'awiya ya taɓa faɗa, yana juya marfin kwalbarsa, "Nan kaɗai muka cin nasara, Malam. Kak ka hana muna."

Sirrin daɗin wasan Malam Nasiru, wanda yake alfahari da shi, shi ne ƙasar labarinsa ta gaske ce. Ya ce wuri ba ya kama jiki sai mutum ya san ƙamshinsa. In ya je zagayen gonaki sai ya zauna da tsofaffi a gindin bishiya, ya tambaye su ina tsohuwar hanyar fatake ta bi, ina ake ƙetare rafi in ya cika, rumbunan gari ta wane gefe suke. Su kuwa tsofaffi, samun mai saurare ya yi musu daɗi, sai su zuba. Ya dawo gida ya zana, ya sa sunayen yadda suke, bai canza ko harafi ba. Haka Tungar Na'iya, wata 'yar tunga a bayan Fakku inda kakar matarsa Inna Atu take, ta zama garin da jarumansa ke tsaro.

Matsala ta fara ne daga Mansur. Duk tarkon da Malam Nasiru ya ɗana, Mansur sai ya tsallake. An kawo tsoho mai fara'a da ƙwaryar ruwa, sai Mansur ya ce, "Ni ban yarda da wanga tsoho ba. Mi yas sa shika ba mu ruwa tun ba mu roƙa ba?" Ruwan kuwa da guba. An nuna musu hanya mai inuwa, Mansur ya ce a bi ta rana. Sau ɗaya sa'a ce, sau biyu ma a ce sa'a. A na huɗu Malam Nasiru ya koma gida bai iya cin tuwo ba.

Littafin a ɗakin zaure yake ajiye shi, ƙarƙashin tarin takardun taki. Mansur kuwa ɗan gida ne, yakan shigo zauren ya zauna jiransa ko ba ya nan. Sai Malam Nasiru ya karyi tsinken tsintsiya ɗan ƙarami, ya sa a tsakanin shafi na talatin da na talatin da ɗaya, ya fita aiki. Da ya dawo, tsinken na ƙasa. Ya mayar, washegari ma ya same shi a ƙasa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don wasan kaɗai ba. Mutumin da kuka ci ƙosai a takarda ɗaya tun kuna aji biyu, shi ne zai riƙa laluben kayanka kamar ɓera, sannan ya zo ranar Asabar yana nuna shi mai basira ne.

Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne akwai wani mai karatu a gidan. Safara'u ta gama sakandare, kuma ita ke share zauren. Sau uku tana tambayarsa. Na farko tana dariya ta ce, "Malam, mi kuka yi shagon Almu har da rufe ƙofa?" Ya ce hira ce. Na biyu ta ga yana zana rafi da hanyoyi, ta ce, "Wanga ba rafin su Inna Atu na ba?" Ya kife kalandar ya ce aikin ofis ne. Na uku ba ta yi dariya ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ya gaya mata don Allah abin da yake rubutawa. Ya ɗago a fusace, don a lokacin Mansur ne cike da kansa, ya ce, "Ba ruwanki da shi." Ta juya ta koma ciki, ba ta ƙara tambaya ba. Shi kuwa har ya ji daɗi, a ganinsa ta haƙura.

Ranar wata Laraba, lokacin girbin gero, ya yanke shawarar kama ɓarawonsa. Dabarar mai sauƙi ce. Ainihin shirin, wanda ya bari a kansa, mahara ta gada za su zo. A littafi kuwa zai rubuta ƙarya. In ranar Asabar Mansur ya ce a je a tsare mashigin rafi, to ya kama kansa da bakinsa. Ya zauna ya rubuta da kyakkyawan rubutu, yadda mai leƙe ba zai wahala ba:

Asabar bayan la'asar. Mutum goma sha biyu. Ta mashigin rafi za su shiga, ba ta gada ba. Rumbunan Tungar Na'iya tukuna, sannan gidan Maigari. Maza na gona, ba mai tsaro.

Ya duba ya ga ya yi kyau, ya sa tsinkensa, ya hau babur yana murmushi. Ranar Alhamis tsinke na ƙasa. Ranar Juma'a Safara'u ta ƙona miya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kawo masa abincin a haka. Ya lura, don ba abin da ke wuce masa, amma sai ya fassara shi da cewa fushin maganar rannan ne bai sake ta ba.

Asabar ta zo. Aka tura ƙofar shagon Almu, aka shimfiɗa kalanda, aka jera marafai. Malam Nasiru ya kafa kwalinsa, ya gyara murya ya ce labari ya iso gari cewa mahara na tafe, kuma hanya biyu ce, gada ko mashigin rafi. Ya kafa wa Mansur ido. Mansur ya dube shi, ya dubi taswira.

"Gada," in ji Mansur. "Mu tafi gada."

"Ka tabbata? Ba rafi ba?"

"Gada nic ce. Da kac ce rafi ka sosa kunne. Tun muna firamare, in za ka yi ƙarya sai ka sosa kunnen hagu. Kai kaɗai ba ka sani ba."

Almu da Mu'awiya suka fashe da dariya. Malam Nasiru bai yi ba. Hannunsa na nan a kunnen, ya kasa saukewa. In ba Mansur ne ke buɗe littafin ba, to wa ke yar da tsinken? Bai gama wannan tunani ba aka turo ƙofa ba sallama.

Bube ne, yayan Safara'u, manomi a Fakku kuma babba a cikin 'yan sa-kan yankinsu. Mutum biyu na bayansa, sun tsaya a bakin ƙofa ba su shigo ba. Ƙafafunsa duk laka. Bai gaisa da kowa ba, ya miƙo waya a gaban fuskar Malam Nasiru. Hoton shafin nan ne, rubutunsa ɓaro-ɓaro.

"Wanga rubutunka na?"

"Nawa na, Yaya."

"Karanta muna."

Ya karanta. Da ya ji kalmomin suna fita daga bakinsa, ba kwali a gabansu, ba marafan kwalba, sai ya ji su yadda duk mai hankali zai ji su. A ƙasar nan akwai kalma ɗaya da in ta manne wa mutum ba ya wanke ta, wani lokaci ma ba a ba shi damar wankewa: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ga shi kuwa mutum mai yawo ƙauye-ƙauye, mai tambayar hanyoyi da rumbuna, mai rufe ƙofa duk Asabar. Da shi aka kawo wa wannan labari a kan wani, da tuni ya gaskata.

"Wasa na, Yaya," ya ce. "Wallahi wasa na."

"Wasa," in ji Bube. "Tun jiya munka kwashe mata da yara daga Tunga. Inna Atu bisa amalanke anka ɗauko ta, tana kuka tana ce a bar ta ta mutu ɗakinta. Gero na gona an yanke, an bar shi, ruwa ya sauka kanai da safe. Maza talatin na kwanton ɓauna bakin rafi yanzu haka. Nuna mani wasan."

A nan Malam Nasiru ya yi abin da bai yi ba shekara tara. Ya ture kwalin gefe, ya buɗe littafin gaba ɗaya a kan tabarma. Ya nuna jerin sunaye ashirin, da tsoho mai ruwan guba, da kurar da ke magana a shafi na sha biyu. Ya nuna wake goma sha biyu da ya ƙulla a leda, su ne mutum goma sha biyun. Bube ya sa aka yi wasan a gabansa. Mansur ya tsare gada, ya jefa ƙwayar lido ta ba da biyu, Malam Nasiru ya ce kibiyarsa ta kauce. Ba a taɓa yin zama marar daɗi irin wannan ba. Bube ya tsaya yana kallo har aka kashe wake huɗu, sannan ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsunsa ya jefar.

"Manya da ku," ya ce. Ya juya ga surukinsa. "Ka gode Allah ni Safara'u tak kira. Da wani tak kira, da yanzu ba zance mukai ba."

Washegari aka tafi da shi Tungar Na'iya, shi da littafin da kalandar. Ya durƙusa gaban Maigari ya yi bayani tun daga kwaleji, Mansur na gefensa yana ba da shaida, mutumin da ya yi sati bakwai yana zargi. Maigari ya saurara, ya ce ya ji, ya ce a cire sunan garinsa daga takardar a gabansa. Malam Nasiru ya yage shafukan da hannunsa. Ya yi kwana huɗu yana taya su juya geron da ya jiƙe, wanda ya tsira ya tsira, wanda ya yi baƙi aka zuba wa dabbobi. Aka ce magana ta wuce.

Ta wuce a baki. Har yau in ya je zagaye ana amsa sallamarsa, ana kawo masa ruwa, ana sauraren bayanin tsutsa. Amma in ya zauna a gindin bishiya sai hira ta koma kan farashin taki. Ba tsohon da ya ƙara gaya masa inda wata hanya ta bi. Shi da ya saba auna kowa, yanzu ya san yadda ido ke yi a bayan wuya in ka juya za ka hau babur.

Wannan duk da sauƙi a kan abin da ya tarar a gida. Ranar da ya dawo daga Tunga ya sami Safara'u tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ya tsaya a kanta, ya shirya faɗa tun daga hanya, ya ce, "Ke yanzu har kin yarda zan sai da mutane? Mi yah hana ki tambaye ni?"

Ba ta ɗago ba. "Na tambaye ka, Malam. Sau uku."



"Sati bakwai nika karanta littafin nan," ta ce. "Kullum in ce Allah Shi sa ƙarya idona ka yi mani. In dafa maka tuwo, in zamna in kalle ka kana ci, ban san ko wa nika aure ba. Ran da nig ga sunan Tunga har da rana da lokaci, sai da niy yi alwala kafin in kira Yaya, don na san abin da za a iya yi maka. Kuma na kira."

Faɗan da ya shirya ya bi iska. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har da ta kwana ukun mahaifinsa. Ya nemi gafararta, ta ce ta yafe, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wasan bai mutu ba. Bayan wata biyu suka koma shagon Almu, ƙofa a buɗe, mai wucewa ya leƙo in ya ga dama. Sabuwar taswirar ba ta kama da ko'ina, garuruwan cikinta sunayen ƙarya ne da ya sha wahalar ƙirƙirowa, kuma shi kansa ya san ba ta kai ta da daɗi ba. Yakan gaya wa duk mai son koyon riƙe labari cewa ya ɓoye wa 'yan wasa shirinsa, amma kada ya ɓoye wa mutanen gidansa wasan.

Littafin kuwa ya daina sa shi ƙarƙashin takardun taki. A buɗe yake barinsa a kan tabarmar zaure, daidai inda tsintsiya za ta bi. Tsinken ma bai daina sawa ba, sai dai yanzu fatansa ya dawo ya same shi a ƙasa. Safara'u takan share zauren tas, ta zagaye littafin, ta bar ɗan da'irar ƙura a gefensa. Kullum ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi sai ya duba, kuma kullum tsinken na nan inda ya bar shi.